ƘANDAREWAR JIJIYA DA TOSHEWAR JIJIYA: INA BAMBANCIN YAKE?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, Sakkwato





Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan lafiya, ya kuma bar mini zaɓin abin da zan taɓo. Na duba jerin sunayen da muke yi wa addu'a a farkon kowane taro, sai na ga yana ƙara tsawo, kuma cikinsa har da waɗanda ba su kai arba'in da biyar ba. In ka tambayi me ya faru, amsar kusan ɗaya ce: lafiyarsa lau, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Wannan ne ya sa na zaɓi yin magana a kan jijiyoyin jini. Ni ma'aikacin gwamnati ne da ya karanta kimiyyar halittu a jami'a, don haka bayani zan yi, shi kuwa rubuta magani aikin likita ne, kuma Alhamdu lillahi muna da su a cikin wannan zaure.

SUNAYE BIYU MASU KAMA DA JUNA

Akwai wasu kalmomi biyu da likitoci ke rubutawa a takardar majiyyaci, waɗanda ko mai digiri yakan ɗauka abu ɗaya ne. Ta farko ita ce ateriyosikilerosis, ta biyu kuwa aterosikilerosis. A baki gaɓa ɗaya ce ta raba su, amma a jiki ba haka abin yake ba. Domin sauƙi, ta farko zan kira ta ƙandarewar jijiya, ta biyu kuwa toshewar jijiya da kitse.

Kafin mu yi nisa, mu tuna cewa Bahaushe yana kiran abubuwa da yawa da sunan jijiya. Wadda nake nufi a nan ita ce mai ɗauko jini daga zuciya ta kai shi ga sassan jiki, wato wadda kake jin bugunta in ka ɗora yatsa a wuyan hannunka.

Duka kalmomin biyu daga Girkanci aka ƙero su. Wajen shekarar 1830 wani likita mai suna Jean Lobstein, a ƙasar Faransa, ya haɗa kalmar jijiya da kalmar tauri ya fitar da ta farko. A 1904 wani Bajamushe, Felix Marchand, ya fitar da ta biyu, ya ɗauko ta daga kalmar da Girkawa ke kiran kunu da ita, saboda in an tsaga irin wannan jijiya akan tarar da wani abu mai kauri, rawaya-rawaya, kamar kunun da ya kwana. To, ga bambancin a taƙaice: ƙandarewa suna ne na gaba ɗaya ga duk wani taurin da ke samun bangon jijiya, ita kuwa toshewa da kitse iri ɗaya ce daga cikin ire-irensa. Kowane gero hatsi ne, amma ba kowane hatsi ne gero ba.

YADDA JIJIYA KE ƘANDAREWA

Zuciyar babban mutum tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, tana zagaya da jinin da ya kai wajen lita 5. Duk bugu ɗaya, jijiya takan buɗe ta karɓi jinin, sannan ta koma yadda take ta tura shi gaba. Abin da ke ba ta damar yin haka shi ne bangonta hawa uku ne: akwai shafe mai santsi a ciki, akwai nama da zaruruwa masu talewa kamar roba a tsakiya, sannan akwai riga a waje.

Mu Sakkwatawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan fata ba. Kowa ya san bambancin fatar jar akuya da ta fito daga hannun majemi, wadda za ka dunƙule a tafin hannu ta warware, da ƙirgin da aka shanya a rana ya bushe ƙamas. Jijiyar yaro kamar jemammiyar fata take. Da shekaru suka ja, zaruruwan nan masu talewa sai su riƙa tsinkewa, wasu masu tauri su maye gurbinsu, wani lokaci ma sinadarin kalsiyam, wato wanda ke cikin ƙashi, ya zauna a bangon. Ramin jijiyar yana nan a buɗe, jini na wucewa, amma bangon ya daina talewa.

Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga an auna dattijo an sami 170 bisa 80. Lambar sama ta hau domin jijiyar ba ta buɗewa ta karɓi bugun, ta ƙasa kuwa tana nan inda take. Zuciya kuma dole ta ƙara ƙarfi, har naman ta ya yi kauri, daga baya ta gaji, mutum ya fara haki da kumburin ƙafa.

Akwai nau'in ƙandarewar da wani likita mai suna Mönckeberg ya bayyana a 1903, inda kalsiyam ke zama a hawan tsakiya na jijiyoyin ƙafa da hannu, har akan gan su fari fat a hoton ƙashi. An fi samunsa ga tsofaffi da masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda.

Amma nau'in da ya fi shafarmu shi ne wanda ke kama ƙananan jijiyoyi, waɗanda ba su kai kaurin zare ba, a cikin ƙoda da ƙwaƙwalwa da ido. Hawan jini da ciwon sukari su ne ke haddasa shi. Bangon 'yar jijiyar yakan yi kauri har hanyar ta matse, ko kuma ya yi rauni ya fashe. In a ƙoda ne, ƙarshenta wankin ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san yadda yake cinye gida da gona. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki ke nan.

YADDA JIJIYA KE TOSHEWA

Ita toshewa da kitse a hawan ciki take farawa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwan da ke tsaga shafen nan mai santsi su ne hayaƙin taba, hawan jini, yawan sukari a jini, da yawan wani maiƙo da ake kira kolestarol. Shi kolestarol ba abokin gaba ba ne, jiki na bukatarsa, kuma mafi yawansa hanta ce ke yin sa. Illar tana zuwa ne in nau'in nan nasa da ake kira maras kyau ya yi yawa. Sai ya kutsa ta wurin tsagar ya zauna a cikin bangon. Fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, su biyo shi su haɗiye, su cika su mutu a wurin. Shekara da shekaru abin yana taruwa, har ya zama ƙullutu mai kunu a ciki da ɓawo a sama, yana turowa cikin hanyar jini.

Ku dubi kwalbatocin unguwanninmu, daga Mabera har Runjin Sambo. Duk rani leda da yashi na taruwa a ciki, ba wanda ya kula, sai ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi sannan a ga ɓarna. Haka jijiya take. Galibi mutum ba ya jin komai sai hanyar ta ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari. A nan ne in ya hau bene ko ya yi sauri sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, in ya huta ya lafa. In a ƙafa ne, sai sha-raɓarsa ta riƙa ciwo in ya yi 'yar tafiya, ya tsaya ta daina.

Babban haɗarin kuwa shi ne ɓawon ƙullutun ya fashe. Nan take jini zai daskare a wurin ya rufe hanyar gaba ɗaya cikin 'yan mintoci. In jijiyar zuciya ce, bugun zuciya ke nan. In mai kai jini ƙwaƙwalwa ce, shanyewar jiki. Kuma ba lallai sai ƙullutun ya yi girma yake fashewa ba. Wannan ita ce fassarar maganar nan ta lafiyarsa lau sai ya faɗi. Ciwon ya yi shekara ashirin yana gini, faɗuwar ce kawai ta zo a rana ɗaya.

Kada wani ya ce wannan ciwon tsofaffi ne. A 1953 likitocin sojan Amurka sun ba da rahoton binciken gawarwakin sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu wajen 22, suka sami alamun wannan ciwo a jijiyoyin zuciyar kashi 77 cikin ɗari. Kada kuma a ce ciwon zamani ne. A 2013 an buga sakamakon hoton da aka ɗauki busassun gawarwaki 137 na mutanen dā, daga Masar da Peru da wasu wurare, aka sami alamarsa a jikin kimanin kashi ɗaya cikin uku. Dangantakarsa da abinci kuwa tun 1913 wani Barashe, Nikolai Anichkov, ya nuna ta, lokacin da ya ciyar da zomaye kolestarol, jijiyoyinsu suka yi irin wannan ƙullutu.

ME YA SA SANIN BAMBANCIN KE DA AMFANI?

Na farko, awonsu ya bambanta. A ofishinmu akwai wani abokin aiki, siriri kamar sanda, wanda ya je aka auna kitsen jininsa aka ce lafiya lau. Ya dawo yana murna cewa jijiyoyinsa garau suke, ya ajiye ƙwayoyin hawan jinin da aka rubuta masa. Bayan shekara biyu ƙodarsa ta fara gazawa. Awon kitse ya yi masa magana ne a kan haɗarin toshewa, bai ce komai ba a kan ƙandarewar da hawan jini ke yi wa ƙananan jijiyoyinsa. Haka kuma akwai wanda awon jininsa 120 bisa 80 ne, amma yana shan taba, kitsen jininsa ya hau, ƙullutu na girma a jijiyar zuciyarsa. Awo ɗaya ba ya wadatar da mutum daga ɗayan.

Na biyu, maganinsu ya bambanta. Maganin hawan jini yana rage nauyin da ke kan bangon jijiya. Maganin rage kolestarol, wanda ake kira sitatin, wanda asalinsa wani Bajapane mai suna Akira Endo ya gano a 1973, shi yana rage abin da ke taruwa, yana kuma ƙarfafa ɓawon don kada ya fashe. Wani yana bukatar ɗaya, wani duka biyun. Likita ne zai raba wannan gardama.

Na uku, sanin yadda abin yake zai tsare mana aljihu. Kitsen nan a cikin naman bangon jijiya yake, ba a kwance yake cikin rami kamar laka a bututu ba. Don haka duk mai lasifika a bakin kasuwa ko a tasha da ya ce yana da jiƙon da ke wanke jijiya cikin kwana bakwai, kuɗinka yake so. Wasu jiƙe-jiƙen ma ƙodar da ta riga ta raunana suke ƙarasawa.

INA MUKA TSAYA A NAN GIDA?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kashi 32 cikin ɗari na duk mace-macen shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. Ke nan maganar cewa ciwon Turawa ne ko ciwon masu kuɗi ta faɗi.

A nan Sakkwato, wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka jagoranta, aka buga a 2011, ya auna Hausawa da Fulani kusan 800, ya sami kimanin mutum ɗaya cikin huɗu da hawan jini, sannan fiye da rabi suna bakin gaɓa. A 2018 kuma an buga wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, a kan mutum fiye da 2,000 da suka sami shanyewar jiki. An gano cewa cikin kowace shanyewa goma, kimanin tara na da nasaba da hawan jini. An kuma gano kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, abin da ya fi na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Sauran abubuwan da binciken ya lissafa sun haɗa da hauhawar kitsen jini, ciwon sukari, tumbi, yawan cin nama, ƙarancin cin ganye, barbaɗa gishiri a kan abinci, damuwa, rashin motsa jiki da shan taba.

Abin da wannan ke nuna mana shi ne, ɓarnar da hawan jini ke yi wa ƙananan jijiyoyi ita ce babbar matsalarmu a yau, ita kuwa toshewa da kitse tana biye da mu gwargwadon yadda rayuwarmu ke sauyawa. Ku tuna lokacin da muke makaranta: sharar safe, noman gandu, ɗibar ruwa, gudun yada ƙanin wani, ga tuwon dawa da miyar kuka. Yau fa? Daga gida sai mota ko kabu-kabu, daga nan sai kujerar sakatariya har la'asar, da dare a zauna majalisa a aika a sayo balangu mai kitse da lemon kwalba. Kakanninmu sun sha fura da man shanu, gaskiya ne, amma sun wuni a gona ko bayan shanu. Mu mun riƙe cin, mun saki aikin.

ABIN DA YA KAMATA KOWA YA YI

Ƙandarewar da tsufa ke kawowa ba mai hana ta, amma ana iya rage mata gudu. Toshewa da kitse kuwa ana iya hana ta girma. Abin farin ciki shi ne hanyar kariyar kusan ɗaya ce.

Ɗaya, kowa ya san lambobinsa. Duk wanda ya haura talatin ya auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to hawan jini ne, ko da ba ka jin ciwon kai. A haɗa da awon sukari, da na kitsen jini, da na fitsari saboda ƙoda. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa ya sami shanyewar jiki ko bugun zuciya da sauran ƙuruciya, shi ya fi kowa bukatar wannan.

Biyu, wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi. Saukar awon alama ce maganin na aiki. In azumi ya zo, a koma wurin likita ya gyara lokutan sha.

Uku, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin ɗunƙulen miya da yajin tsire da kilishi. A nan ina roƙon 'yan uwanmu mata da matan 'yan uwanmu, domin tukunya a hannunsu take: daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano ba tare da an jefa ɗunƙule biyar ba.

Huɗu, a koma ga zogale da rama da yakuwa da alayyafo, da wake da gero da dawa, da kifi. A rage kitsen nama, da man da aka soya abu da shi sau da yawa, da kayan zaƙi.

Biyar, tafiya. Minti 150 a mako ake bukata, wato rabin awa sau biyar. Zafin Sakkwato ba hujja ba ce, domin bayan asuba gari da sanyi, kuma filin wasa na Giginya da titunan unguwa duk suna nan.

Shida, taba da shisha. Babu adadin da ba ya cutarwa, kuma hayaƙin yana shafar matarka da 'ya'yanka.

Sai kuma maganar gaggawa. In ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ya dafe ƙirji yana gumi, to a ɗauke shi nan take zuwa Asibitin Koyarwa ko Asibitin Ƙwararru ko mafi kusa. Kada a tsaya ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Mai alamar shanyewar jiki kada a ba shi asfirin a gida, domin in fashewar jijiya ce ƙara zubar jinin zai yi, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke bambance fashewa da toshewa. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Kada a ɓata kwana uku ana cewa iska ce ko jifa, domin naman ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Shugaba, ina da roƙo uku. Na farko, ƙungiya ta sayi na'urar awon jini guda biyu da ta awon sukari ɗaya daga asusunmu, a ajiye tebur a bakin ƙofa duk ranar taro, likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu su auna kowa kafin ya zauna. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a kan abincin taro ɗaya ba. Na biyu, in za mu kai ziyara ga malamanmu da suka yi ritaya, mu tafi da na'urar, kuma wanda fanshonsa ba ya isar sa sayen magani, ƙungiya ta ɗauke masa. Sun tsaya a kanmu muna yara, yanzu lokacinmu ne. Na uku, a nemi izinin hukumar makaranta mu riƙa zuwa sau ɗaya a zango muna yi wa ɗalibai bayani a kan taba da shisha da abinci, tunda mun ji cewa ciwon tun ƙuruciya yake kafa tushe, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan uwa, ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan ba mu da ja a kai. Amma shekara goma a kwance ana juya mutum, yara sun bar makaranta, an sayar da fili an sayar da gona, wannan abu ne da sau da yawa ƙwaya ɗaya a rana da rage gishiri ke iya karewa. Mafi yawanmu yanzu mu ne ke riƙe da iyaye da ƙanne da 'ya'ya, in ɗayanmu ya faɗi ba shi kaɗai ya faɗi ba. Don haka ina roƙon kowa, kafin ƙarshen wannan wata, ya je a auna shi, ya rubuta lambobin a takarda, ya zo da ita taro mai zuwa.

 Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.